Daga Ƙofar Dagaci zuwa Harabar Makaranta: Tarihin Rumfar Zaɓe a Minjibir

Rumfar zaɓe ita ce wurin da mai katin zaɓe yake zuwa a tantance shi, a ba shi takarda ya dangwala, ya jefa a akwati. A ƙasar Kano an fi kiranta da akwati kawai. Mutum kan ce akwatinsa yana firamare, ko yana ƙofar gidan mai unguwa, kuma idan aka ce ɗan siyasa bai kawo akwatinsa ba, ana nufin ya faɗi a rumfar da shi kansa yake jefa ƙuri'a, a gaban maƙwabtansa. A zaɓen ƙananan hukumomi mutumin Minjibir yana jefa ƙuri'a biyu a wannan wuri, ɗaya ta ciyaman, ɗaya ta kansilan mazaɓarsa. Hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ita ke gudanar da zaɓen, amma rumfunan da rajistar masu zaɓe na hukumar zaɓe ta ƙasa ne, wato INEC. Inda rumfar take a yau ya samo asali daga sauye-sauyen shekara saba'in da 'yan kai, kuma kusan kowane sauyi an yi shi ne a kan tambayar wa ya kamata ya ga abin da talaka ya zaɓa.

Ƙasar da zaman jama'arta

Ƙaramar Hukumar Minjibir tana arewa maso gabas da birnin Kano, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota. Faɗinta murabba'in kilomita 416 ne, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum 213,794 a cikinta, wato fiye da mutum 500 a kowane murabba'in kilomita, a ƙasar da mafi yawan mutanenta manoma ne. An kasa ta mazaɓu goma sha ɗaya: Azore, Gandurwawa, Kantama, Kunya, Kuru, Kwarkiya, Minjibir, Sarbi, Tsakiya, Tsakuwa da Wasai. Kowace mazaɓa tana fitar da kansila ɗaya. A majalisar wakilai ta tarayya Minjibir tana tare da Ungogo, a majalisar dattawa kuma tana cikin Kano ta Tsakiya.

Yankin yana cikin karkarar da ta kewaye Kano, wadda masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta a shekarun 1960 saboda cunkoson jama'arta. A nan ba a barin gona ta huta. Ana noma ta kowace damina da takin gida da wanda jakuna suka riƙa ɗaukowa daga birni, a ƙarƙashin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya. Ban da garuruwa masu kasuwa da masallacin Juma'a, jama'a suna zaune a ƙananan unguwanni da gidaje jefi-jefi a tsakiyar gonakinsu. Irin wannan zama yana da tasiri biyu a kan rumfar zaɓe. Dole rumfuna su yi yawa, domin tsoho da mai goyo su iya isa da ƙafa. Kuma duk inda aka ajiye akwatin, waɗanda suka taru a wurin sun san juna, sun san iyayen juna, sun san gonar kowa.

Zamanin En'e

Kafin zuwan akwati, mahallin duk wata magana ta hukuma a ƙauye shi ne ƙofar gidan dagaci. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, sun kasa ƙasar gundumomi, suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumominsu, mulki ya riƙa gangarowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. A ƙofar dagaci ake rubuta masu biyan haraji, a can ake karɓar harajin, a can ake sanar da aikin gayya na hanya da zuwan masu lamba. Idan dagaci ya rasu, hakimi kan tara masu unguwanni da limamai da dattawa ya ji wanda suke so daga cikin 'ya'yan gidan, sannan ya kai wa sarki, wanda shi ke da ta cewa ta ƙarshe.

Watan Agustan 1950 ya kawo abubuwa biyu da suka girgiza wannan tsari. A ranar 8 ga watan aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, da aƙidar ƙwato wa talaka 'yanci daga hannun En'e. A cikin watan kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a majalisar Kaduna yana neman a yi wa En'e garambawul. Daga nan aka fara kafa majalisun ƙauye da na gunduma masu zaɓaɓɓun wakilai, kuma dokar En'e ta 1954 ta tsara matsayinsu.

Zaɓen 1951, wanda aka yi a ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson, hawa-hawa ne. Maza masu biyan haraji suna taruwa a ƙauye su fitar da wakilai, waɗannan su je gunduma su fitar da wasu, har a kai ga taron ƙarshe na lardi, inda En'e take da ikon cusa mutanenta kashi goma cikin ɗari. A matakin farko babu takarda, babu akwati. Taro ne a fili, mafi yawa a ƙofar dagaci, ana ɗaga hannu ko a tsaya a bayan wanda ake so, ma'aikacin En'e yana ƙirgawa. Talakan da ya tsaya a bayan ɗan NEPU ya san cewa mai ƙirga shi yau shi ne zai yanka masa haraji gobe, kuma alƙali da ɗan doka da gidan yari duk na En'e ne. NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a birnin Kano, amma ko mutum ɗaya nata bai tsallake matakin ƙarshe ba. Wannan ne ya sa neman zaɓe kai tsaye, kuma a asirce, ya zama ɗaya daga cikin manyan buƙatun Malam Aminu Kano da mutanensa na NEPU a duk tsawon shekarun 1950.

Akwati a bayan zana

A zaɓen yankin Arewa na 1956 an gwada ƙuri'ar asiri a 'yan mazaɓun birane, karkara kuwa ta ci gaba da hawa-hawa. Sai a zaɓen tarayya na ranar 12 ga Disamba 1959 mutanen ƙauyuka irin na Minjibir suka fara jefa ƙuri'a kai tsaye a asirce, su ma maza kaɗai, masu shekara 21 zuwa sama.

Tsarin rumfar wancan lokaci ya bambanta da na yau. Inda babu ginin hukuma, ana kafa rumfa ta wucin gadi a kewaye ta da zana. Malamin zaɓe yana zaune a bakin ƙofa da rajista, ya duba sunan mutum, ya shafa masa tawada a yatsa, ya miƙa masa takarda. Mutumin zai shiga ciki shi kaɗai, ya tarar da akwatuna a jere, kowane ɗan takara da nasa, da alamar jam'iyyarsa manne a jiki: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Ba a rubuta komai, ba a dangwala komai. Wanda bai taɓa shiga aji ba ma ya san fartanya, sai ya jefa takardarsa a akwatin da yake so ya fito. Bayan an tashi, ana rufe akwatunan a ɗauke su zuwa wurin ƙirga da ke nesa da ƙauyen.

Zanar ta raba talaka da idon dagaci, amma ta buɗe wata ƙofar. Tunda babu mai ganin abin da ke faruwa a ciki, mutum na iya soke takardarsa a aljihu ya fito da ita ya sayar, wani amintaccen jam'iyya ya shiga da tarin takardu ya zuba a akwati ɗaya. Ana kuma iya lalata akwatin abokin hamayya, ko a sauya shi a hanya. Da wannan tsari aka yi zaɓukan Jamhuriya ta Farko har sojoji suka karɓi mulki a watan Janairun 1966.

Shekarar 1976

Abubuwa uku da suka faru a 1976 su suka ba rumfar zaɓen karkara kamannin da aka santa da su. Na farko shi ne garambawul ɗin ƙananan hukumomi, wanda ya kawo ƙarshen En'e, ya kafa ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a duk ƙasa. Jihar Kano ta wancan lokaci, wadda ta haɗa da Jigawa ta yanzu, ta sami guda 20, kuma Minjibir tana cikinsu. A ƙarshen shekarar aka yi zaɓen kansiloli ba tare da jam'iyyu ba, wasu jihohi kai tsaye, wasu ta hanyar wakilai.

Na biyu shi ne ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da Hajiya Gambo Sawaba da matan NEPU suka sha ɗauri a kansa. Wannan ya kusan ninka yawan masu zaɓe, ya kuma kawo layi na biyu a kowace rumfa. Har yau dokar zaɓe ta umarci shugaban rumfa ya raba layin maza da na mata a inda al'ada ba ta yarda da cakuɗa ba. Matar da take cikin kulle ba za ta tsaya a ƙofar fada cikin maza ba, don haka aka buƙaci wuri mai fili da inuwa, inda layuka biyu za su tsaya nesa da juna.

Na uku shi ya samar da wurin. A watan Satumban 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, aka gina azuzuwa a ƙauyukan da ba su taɓa ganin makarantar boko ba. Makarantar firamare ginin hukuma ce da ba gidan kowa ba, tana da tebur da benci da baranda, ga malamai masu iya cike takarda. Tun daga nan ta zama mazaunin akwati na farko a karkara.

A zaɓukan 1979 an sauke shekarun zaɓe zuwa 18, hukumar zaɓe ta FEDECO kuma ta koma ga akwati ɗaya, mutum ya dangwala wa alamar jam'iyyar da yake so a jikin takarda. A Kano mabuɗin PRP ya kayar da gida da masara na NPN, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, ya soke haraji da jangali, abin da ya rage ƙarfin ƙofar dagaci ƙwarai. Sai dai a duk tsawon Jamhuriya ta Biyu ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, gwamnoni suka riƙa naɗa 'yan riƙo, al'adar da ta daɗe ba ta mutu ba.

Ƙato bayan ƙato

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi zaɓen ƙananan hukumomi ba jam'iyya a ranar 12 ga Disamba 1987. Jama'a sun fito, kayan aiki suka gaza, aka sake zaɓen a wurare da dama a farkon 1988. Da Farfesa Humphrey Nwosu ya karɓi hukumar zaɓe, sai ya ajiye akwati da takarda gaba ɗaya. A zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 8 ga Disamba 1990, tsakanin SDP mai doki da NRC mai mikiya, aka yi abin da Hausawa suka raɗa wa suna ƙato bayan ƙato.

Da safe ake tantance masu kati. Idan lokaci ya cika, sai a ɗaga hoton ɗan takarar kowace jam'iyya a gefe guda na filin, kowa ya je ya tsaya a bayan wanda yake so. Malamin zaɓe zai bi layi yana taɓa kafaɗa yana ƙirgawa da ƙarfi, jama'a suna amsawa, a rubuta adadin a gaban wakilan jam'iyyu, a sanar nan take. Kafin azahar an watse. Babu akwatin da za a sace, babu takardar da za a yi aringizonta, kuma kowa ya tafi gida da sakamakon rumfarsa a ka.

Illarsa ta fi fitowa a wuri irin Minjibir. Mai aron gona yana ganin layin da mai gonar ya tsaya, suruki yana ganin surukinsa, almajiri yana ganin malaminsa, mace tana hango mijinta daga layin mata. Masu sarauta da manyan ma'aikata da yawa sun gwammace su zauna a gida da a gan su a bayan hoton wani. Abin da NEPU ta yaƙa a shekarun 1950 ya dawo, wannan karon da sunan maganin maguɗi. A zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni 1993 aka haɗa tsarin biyu: a dangwala a ɓoye, a jefa a akwatin da yake a fili kowa yana gani, a ƙirga a wurin. Ko da yake an koma layi a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Maris 1996 a zamanin Janar Sani Abacha, wancan haɗin ne ya zauna, shi ake bi har yanzu.

Taswirar rumfuna

A 1996 ƙananan hukumomin Najeriya suka kai 774, na Jihar Kano suka zama 44 da mazaɓu 484. A shekarar kuma hukumar NECON ta tsara rumfuna kusan 120,000 a duk ƙasa, Kano ta sami 8,074. Kowace rumfa tana da lamba mai gaɓa huɗu, ta jiha da ta ƙaramar hukuma da ta mazaɓa da ta rumfar kanta, kuma lambar Kano ita ce 19. Tana kuma da suna, kuma sunayen rumfunan karkarar Kano tarihi ne a taƙaice: wannan firamare, wannan Islamiyya, wannan ɗakin shan magani, wannan bakin kasuwa, wannan cikin gari, wannan ƙofar gidan dagaci ko ta mai unguwa. Sunan yakan zauna ko da mai unguwar ya rasu, ko bishiyar da ake fakewa a gindinta ta faɗi.

Da waɗannan rumfuna aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 5 ga Disamba 1998, wanda sabuwar INEC ta gudanar, kuma da sakamakonsa aka tantance jam'iyyun PDP da APP da AD. Shekara 25 adadin bai sauya ba, alhali jama'a suna ƙaruwa, sababbin unguwanni suna tsirowa a inda gonaki suke. Daga 2011 INEC ta riƙa raba rumfar da ta cika ta yi mata rassa a wuri ɗaya. A 2014 Farfesa Attahiru Jega ya nemi ƙara rumfuna 30,027, aka yi ca a kansa cewa kason Arewa ya yi yawa, ya janye. Sai a watan Yunin 2021, a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, aka mai da rassan cikakkun rumfuna, jimillar ƙasa ta kai 176,846, ta Kano ta kai 11,222. A lokacin hukumar ta sanar da ɗauke rumfuna 749 daga wuraren da ba su dace ba, 232 daga gidajen mutane, 145 daga fadojin sarakuna, wasu daga masallatai da majami'u da wuraren tsafi, ta mai da su makarantu da filayen jama'a.

Zamanin KANSIEC

Tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a sashe na 7, ya kuma damƙa zaɓensu a hannun hukumar zaɓe ta kowace jiha, wadda gwamna yake naɗa shugabanninta. A Kano an yi irin wannan zaɓe a 2004, da Nuwamban 2007, da 17 ga Mayu 2014, da 10 ga Fabrairu 2018, da 16 ga Janairu 2021, da 26 ga Oktoba 2024. A tsakanin wasunsu, musamman kafin 2014, an yi shekaru ana tafiyar da ƙananan hukumomi da 'yan riƙo, akwatin kansila bai fito ba. A zaɓuka huɗu na ƙarshe jam'iyyar da take mulkin jiha ce ta lashe kujerun ciyaman 44 duka: APC a 2014 da 2018 da 2021, NNPP a 2024.

Rumfar ɗaya ce, amma abin da ake yi a cikinta ya danganta da mai zaɓen. INEC ta shigo da na'urar karanta kati a 2015, daga baya ta kawo BVAS mai duba yatsa da fuska, zaɓen ƙananan hukumomi na Kano kuwa ya ci gaba da dogara ga takarda. Bayan zaɓen 2018 hotunan yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a suka bazu a kafafen sada zumunta. INEC ta kafa kwamitin bincike, wanda ya ba da rahoton cewa an miƙa wa hukumar jiha rajista, amma a yawancin rumfuna ba a yi amfani da ita wajen tantancewa ba. A watan Mayun shekarar Jihar Kaduna ta gwada na'urar jefa ƙuri'a a nata zaɓen ƙananan hukumomi, karo na farko a Najeriya. Minjibir ita ma ta ga yadda rumfa take zama fagen daga: a ƙarshen Afrilun 2016 rikici ya sa INEC ta dakatar da zaɓen cike gurbin ɗan majalisar jiha na yankin, sai daga baya cikin shekarar aka kammala shi da tarin jami'an tsaro.

Ranar zaɓe a rumfa

Ranar Asabar ake yin zaɓen, tare da dokar taƙaita zirga-zirga. Kaya suna fitowa daga ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukuma zuwa mazaɓu, daga can a raba wa rumfuna a mota ko a babur. A harabar makaranta ana fito da teburin malami a ajiye a baranda ko a gindin darbejiya, a jera akwatuna biyu a inda kowa zai gan su, a keɓe kusurwa ɗaya don dangwalawa. Ejan na kowace jam'iyya yana tsaye kusa da teburin, kuma tunda ɗan unguwar ne, ya san wanda ya tafi cin rani da wanda ya rasu bara. Dokar zaɓe ta ƙasa ta hana neman ƙuri'a a cikin tazarar mita 300 daga rumfa, amma a ƙauye mita 300 ta haɗa da gidan ɗan takara da majalisar abokansa, kuma rabon taliya da sabulu da atamfa yakan gudana a zaurukan da ke kusa. Idan an gama, ana zazzage akwati a kan tebur, a ware takardu, a ƙirga da ƙarfi, a cike takardar sakamako, ejan-ejan su sa hannu. Daga nan sakamakon yana tafiya wurin tattarawa na mazaɓa, inda ake bayyana kansila, sannan hedikwata a garin Minjibir, inda baturen zaɓe yake bayyana ciyaman. Taken da ya yi tashe a Kano a shekarun 2000, a kasa, a tsare, a raka, ya fito ne daga sanin cewa tsakanin rumfa da wurin tattarawa ƙuri'a take ɓacewa.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa naɗa 'yan riƙo a ƙananan hukumomi ya saɓa wa tsarin mulki, kuma ba za a saki kason tarayya ga majalisar da ba zaɓaɓɓiya ba. Hukuncin ya sa jihohi da dama, har da Kano, suka gaggauta yin zaɓe a shekarar. Na Kano ya gudana cikin hukunce-hukuncen kotuna masu karo da juna a kan halascin shugabannin KANSIEC. Muhawarar da ake yi tun daga lokacin ita ce ko a bar zaɓen a hannun hukumomin jihohi, ko a mai da shi hannun INEC kamar yadda ake yi a ƙananan hukumomi shida na Abuja, ko a kafa wata hukuma ta daban, kuma kowanne daga cikin biyun ƙarshe yana buƙatar gyaran tsarin mulki. A lokacin zaɓen 2024, wa'adin zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomin Kano shekara uku ne.